Buhunan Alhaji a Ɗakin Gero

Gidan su Kulu a unguwar Gidan Igwai, cikin Sakkwato, ƙarami ne: ɗaki biyu, da wani ɗan ɗakin ajiya manne da ɗakin yara, inda take zuba geron furar da take sayarwa. Mijinta Mode baduku ne, yana ɗinka takalma da jakunkuna na jar fata a kasuwa. Mutum ne mai sanyin hali, ko akuya ta shigo gida sai ya lallaɓa ta ta fita. Yayansa Alhaji Bashar shi ne mai faɗa a ji a dangi. Shi ya riƙe Mode bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Yana fataucin albasa da hatsi har cikin Nijar, yana da gida mai bene a unguwar Mabera, ga shaguna jere a jikin katangarsa.

Wata rana da hantsi, farkon damina, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. Kulu tana daka ta ji sallamar Alhaji, ta ajiye taɓarya ta gyara mayafi ta durƙusa ta gaishe shi. Bayansa 'yan dako ne ke shigowa da buhuna. Abin da ya ba ta mamaki shi ne buhunan ko rabi ba su cika ba, amma kowanne sai ƙarti biyu sun kama suna nishi.

"Yaya, mi ke ciki haka da nauyi?"

"Dutsen fenti na," in ji Alhaji, yana tsaye daga zaure bai ƙaraso ba. "Wasu mutane za su zo daga Legas su ɗauka. Kwana kaɗan na. A ruhe tagar ɗakin, kar maƙwabta su sa ido."

Aka jibge su a ɗakin gero, aka toshe tagar da kwali. Da Mode ya dawo da la'asar, Kulu ta kawo masa ruwa, sannan ta ce, "Baban Murja, mutumin da ke da shaguna da sito, mi ya rasa da sai ɗan ɗakinmu?"

"Yaya yac ce a aje," in ji Mode. Daga nan bai ƙara ba, ita ma ta san ba zai ƙara ba.

Kwana kaɗan suka zama makonni, makonni suka zama watanni, mutanen Legas ba su zo ba. Ruwa ya zauna sosai, yara suka bar kwana a tsakar gida suka koma ɗakinsu, wanda ƙyaure kawai ya raba shi da ɗakin ajiyar, ƙyauren ma ba ya rufuwa. Ɓeraye suka huda buhu ɗaya, duwatsun suka zubo. Tsakuwa ce mai toka-toka, wata har ta yi baƙi, amma jikinta da wani rawaya mai haske kamar ƙwaiduwar ƙwai, in ka murza sai ya bi hannu. Kullum da safe Kulu tana share ƙurar da tsintsiya kafin ta auni gero.

Murja, 'yarta mai shekara bakwai, ita ta gano amfanin rawayan. Takan niƙa shi a kan ɗan dutse ta kwaɓa da ruwa a murfin gwangwani, ta zana fulawa a bango, ta yi wa 'yar tsanarta kwalliya. Ƙanenta Mu'az kuwa, da bai wuce shekara huɗu ba, shi ne allonta: ta zane masa kumatu da goshi, shi kuma yana dariya yana lashe yatsu. Kulu ta gani, ta ce su daina ɓata mata bango, ta bar su. Ai fenti ne.

Abu ɗaya ne ya riƙa tsaya mata a rai. A da duk Juma'a Hajiya Saudatu, matar Alhaji, takan aiko 'ya'yanta su yini a Gidan Igwai su sha fura. Tun da damina ta faɗi ba su sake zuwa ba. In ta tambaya a waya sai a ce Islamiyya, ko mura, ko direba ba ya nan.

A wajen wani suna a Mabera abin ya fito fili. Mata sun cika tsakar gida, ana rabon tuwon shinkafa, yara na wasa a gindin dalbejiya. Murja ta kwance bakin ɗankwalinta ta ciro wani ɗan dutse mai rawaya ta miƙa wa Hafsat, 'yar autar Saudatu, tsarabar da ta daɗe tana ajiye mata. Kulu tana kallo. Sai ta ga Hajiya Saudatu, mace mai jiki da ba ta tashi sai da dafa gwiwa, ta yi wuf ta tsallake kwanuka ta buge hannun 'yarta, dutsen ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ta ja yarinyar bakin famfo tana cuɗa mata hannu da sabulu, ta ɗauraye ta sake cuɗawa, har yarinyar ta fara kuka.

Murja ta tsaya da hannunta a miƙe, ba ta san laifin da ta yi ba.

Kulu ta bi Saudatu bakin famfon. Ta yi ƙasa da murya saboda mutane. "Hajiya, mi ke ga dutsen nan?"

"Ba komi. Ƙazanta ta dai."

"Ƙazanta ba a yi mata wanki haka. Don girman Allah ki hwaɗa min."

Saudatu ta dubi dama ta dubi hagu. Ta goge hannu da mayafi, ta ƙi haɗa ido da ita. "Ni wallahi ban san ko mi na ba. Alhaji dai yac ce kar ɗiyana su taka gidanku sai an kwashe kayan nan. Ko motar da tak kawo su sai da anka wanke ta da ruwa, 'yan dakon kau yas sa sunka yi wanka sunka yar da rigunansu."

Kulu ta bar bakin famfon. Ta waiga ta hango Mu'az zaune a tabarma yana cin tuwo da hannu, ƙarƙashin farcensa duk rawaya. Ba ta yi wa mai jego sallama ba. Ta goya shi, ta kama hannun Murja, ta fita ta tare keke.

A cikin keken ta kira ƙanwarta Khaula. Khaula tana karatun digiri na biyu a fannin kimiyya, kuma aikin da take yi a lokacin shi ne zagaya rijiyoyin ƙauyukan Wamakko tana auna ruwa da ƙasa da wata na'ura ta makarantarsu. Kulu ba ta taɓa fahimtar me ake aunawa ba, ta dai san ƙanwarta ta san duwatsu.

Da azahar Khaula ta iso, takalmanta duk taɓo. Ta dubi zanen fulawar da ke bango, ta dubi tsakuwar da Kulu ta nuna mata a bakin ƙofa, ba ta taɓa ba. Ta ciro na'urar daga jaka, wata 'yar aba kamar rediyon hannu. A zaure ta kunna, abar ta riƙa yin ƙas, ta yi shiru, ta sake yin ƙas. Da ta shiga tsakar gida ƙarar ta ƙaru. A ɗakin yara ta zama kamar ana soya gyaɗa. Da ta miƙa hannu cikin ɗakin gero, ƙarar ta haɗe ta zama tsuwwa ɗaya ba tsayawa.

Khaula ta ja da baya da sauri. "Yaya Kulu, hid da yaran nan waje. Yanzu."

Suka kai su gidan maƙwabciya, suka dawo suka tsaya a zaure. Khaula ta riƙe hannun yayarta.

"Wanga ba dutsen fenti ba na. Sai an kai shi ɗakin gwaji kahin a tabbatar, amma ga kamanni nai da yadda na'ura ke kuka, dutsen yuraniyom na, irin wanda aka haƙa can arewacin Nijar. Shi aka tacewa a yi makamashin nukiliya."

"To mi shika yi ma mutum?"

"Yana hid da wani tiriri da ido bai gani, hanci bai ji, jiki bai ji. Shi na'urag ga ke ƙirgawa. Amma ba shi na mahi muni ba. Dutsen yana sakin wata iska, radon sunanta, ba ta da wari. In waje a buɗe yake sai ta watse. In ɗaki a ruhe yake sai ta taru, wanda ke kwana kusa shi yi ta shaƙa, ta zauna ga huhu. Sannan ƙurar. In ta shiga ta hanci ko ta baki, tana taɓa ƙoda, wani abin kau shi lahe ga ƙashi."

Kulu ta tuna kwalin da aka toshe taga da shi. Ta tuna tsintsiyarta. Ta tuna geron da ta wanke ta daka ta dama ta sayar wa rabin unguwa.

"Khaula, ɗiyana za su mutu?"

"Ban iya ce miki komi sai an auna su. Ba irin gubar da ke ka da mutum nan take ba ta. Mutum na iya zama da shi bai ji ko ciwon kai ba. Abin tsoron shi na nan gaba, bayan shekaru: ciwon daji na huhu, ko ƙoda ta gaza. Yana yiwuwa ba abin da zai same su, watanni na ba shekaru ba. Amma ba wanda za shi iya rantse miki."

Kulu ba ta yi kuka ba. Suka yi wa yaran wanka da sabulu sau biyu, suka yanke musu farce, suka ƙulle kayan da ke jikinsu a leda. Khaula ta kira malaminta, shi kuma ya ce zai sanar da hukumar da ke kula da irin wannan, kada kowa ya taɓa buhunan, kada a share, kada a kwana a gidan.

Daga nan Kulu ta yafa mayafi ta nufi kasuwa. Ba ta taɓa zuwa rumfar mijinta ba tun da aka yi aurensu, don haka da Mode ya ɗago kai ya gan ta, basilla ta faɗi daga hannunsa. Ta gaya masa komai a tsaye. Ya saurara, fuskarsa ta yi fari fat.

"Yaya bai sani ba," ya ce a hankali. "Ba shi yiwuwa a ce ya sani."

"To taso mu tai mu tambaye shi."

Suka sami Alhaji Bashar a ƙofar sitonsa, zaune a kujerar roba yana kallon ana auna albasa. Kulu ta gaishe shi, amma ba ta durƙusa ba, kuma ya lura. Ya kore yaran shago gefe.

"Yaya, mi ke cikin buhunan da kak kai muna?"

"Na hwaɗa miki tun ran nan."

"Ka hwaɗa min fenti. Ƙanwata ta auna. Yuraniyom na."

Alhaji ya dubi Mode. "Kai, yanzu matarka ka kawo ta yi min titsiye cikin kasuwa? Wa yas sa ta kira wani shi auna min kaya?"

Mode ya sunkuyar da kai. Kulu ta ce, "Ni nis sa kaina. Gidana na, ɗiyana na."

Da ya ga ba za ta ja da baya ba sai ya sauya murya. Ya ce wani mutum ne a Agadas ya haɗa shi da kayan, ya ce Turawa na nema ido rufe. Ya ce shi ma yaudararsa aka yi, mai sayen ya daina ɗaukar waya. Ya ce an gaya masa in dai ba ci aka yi ba, ba komai.

"In ba komi, mi ya hana ka aje shi nan?" Ta nuna sito da hannu. "Ga wuri har mota ta juya ciki."

"Nan akwai abinci. Albasa ta mutane."

"Gerona ba abinci ba na?"

Ya kau da kai.

"Mi ya hana ka aje shi Mabera?"

"Kulu, ki san da wa kike magana."

"Na sani. Da wanda yas sa anka wanke mota. Da wanda yah hana ɗiya nai zuwa gidana. Mi anka hwaɗa maka, Yaya? Mutumin Agadas mi yac ce?"

Alhaji ya cire hula ya share gumi. Wataƙila gajiya ce, wataƙila ya ɗauka in ya faɗa za ta huce. "Cewa yay yi dai a aje shi nesa da inda mutane ka kwana. Shi ke nan."

Kulu ta ji maganar ta shiga kunnenta ta sauka har tafin ƙafa. Ta dubi mijinta, ta ga shi ma ya ɗago.

"Nesa da inda mutane ka kwana," ta maimaita. "Sai kad duba duk Sakkwato, kag ga inda babu mutane shi na ɗakin Murja da Mu'az. Mu mi na? Awaki? Yaron ga da ka zo ka ɗauke shi ka aza bisa cinya, shi ce maka Baba Alhaji, watanni yana lasar abin ga, kai kana can bisa bene kana hana naka hitowa. Ko kalma guda! Da ka ce min, Kulu, kar yara su taɓa. Ko wannan kaɗai. Ba ka hwaɗi ba don kar in tambaye ka dalili."

Muryarta ta tashi, masu auna albasa sun daina aunawa. Alhaji ya miƙe.

"Ya isa. Gobe da sahe zan aiko mota a kwashe, a kai can bakin gulbi wajen Wamakko a zubar, magana ta mutu. Kar wanda yas sake ya kai ta ga hukuma. In anka kama ni, sunan gidanmu duka na za shi ɓaci, har da na mijinki."

"Bakin gulbi? Inda aka noman shinkahwa? Inda mutane ka ɗibar ruwan sha?"

"Wa za shi sani?"

Kulu ta dube shi. Mutumin nan ta shekara goma tana durƙusa masa. Ta juya ta tafi, ta ji takun Mode a bayanta.

Suka kwana gidan mahaifiyar Kulu. Washegari tun da sassafe ta bar yaran a can ta koma Gidan Igwai, ta sayi sabon kwaɗo a shagon bakin titi ta garƙame ƙofar gidan daga waje, ta shimfiɗa tabarma a gindin katanga ta zauna. Rana ta ɗaga, a-kori-kura ta iso da 'yan dako huɗu. Babbansu ya ce Alhaji ne ya aiko su.

"Ku koma ku ce mai ba a shiga."

"Hajiya, mu aiki anka ba mu."

"An hwaɗa muku mi za ku ɗauka? An ba ku abin ruhe hanci?" Ta gaya musu abin da ke cikin buhunan, da abin da yake yi wa huhu, da ƙarfi yadda mai shayi da masu keke da ke tsaye za su ji. Biyu daga cikinsu suka kalli juna suka koma bayan mota.

Ba a jima ba Alhaji da kansa ya iso. Bai kula ta ba, sai ya juya ga Mode, wanda ya biyo ta, yana tsaye can gefe kamar baƙo a ƙofar gidansa.

"Kai, amshi mabuɗin nan hannunta ka buɗe."

Kulu ta riƙe mabuɗin a cikin tafin hannu. Ta san mijinta. Tun yana yaro bai taɓa ce wa yayansa a'a ba. Mode ya tako a hankali har gabanta, ya miƙo hannu. Ta dube shi. Ta ba shi, don in ma zai buɗe, gara unguwa ta gani da idonta.

Ya karɓa, ya jujjuya shi, ya jefa a aljihun gaba. Sannan ya cire takalmi ya zauna a tabarmar kusa da ita.

"Yaya, ka yi haƙuri," ya ce. "Ba a buɗewa."

Alhaji ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta fito. Ya lissafa riƙon da ya yi masa, da auren, da komai. Mode bai tashi ba. Jama'a suka taru, mai unguwa ya zo, aka gaya masa, shi ma ya ce ba mai taɓa ƙofar. Motar ta juya ba komai a bayanta.

Da jami'an hukumar suka zo, sun zo ne da fararen riguna har kai, da safar hannu da abin rufe fuska, da 'yan sanda biyu. Suka ɗaure igiya a bakin lungun. Suka zuba buhunan a cikin gangunan ƙarfe, suka kankare daɓen ɗakin ajiyar da na yara, suka kankare bangon da Murja ta yi zane, suka kwashe geron duka, da katifar yara, da tsintsiya, da 'yar tsana. Kulu tana tsaye bayan igiya tana kallon ƙattin maza sun rufe jikinsu ruf kafin su taɓa abin da ɗanta yake wasa da shi tsirara. Wani daga cikinsu ya ce mata Allah ya taimaka da ba a zubar a bakin ruwa ba.

Ba wanda ya ce ta yi, amma ta bi gidajen da take sayar wa fura ɗaya bayan ɗaya ta gaya musu inda geron ya zauna. Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Wata ta zage ta tas. Daga ranar ba wanda ya sake aiko yaro da kwano.

A asibiti aka ɗebi jini da fitsarin su huɗun. Na Mode lafiya, nata da na Murja ba a ga abin tayar da hankali ba. Na Mu'az likita ya daɗe yana dubawa. Ya ce akwai alamar abin ya shiga jikinsa, ƙodar ta ɗan nuna, amma yana sa ran za ta warware tunda an raba shi da dutsen. Ya ce a ba shi ruwa sosai, a riƙa kawo shi ana dubawa.

"Har yaushe, likita?"

"Za mu riƙa duba shi har ya girma, Hajiya. Irin wannan ba a cewa an gama."

An tsare Alhaji Bashar ana yi masa tambayoyi, daga baya aka ba da belinsa, magana tana kotu. A dangi kuwa Kulu ce ta zama mai laifi. Ita ce ta tona asirin gida, ita ce ta raba wa da ƙane, ita ce ta kai surukinta hannun hukuma a kan abin da, in ji su, ko ƙwarzane bai yi wa kowa ba. Yaran ba ga su nan suna gudu ba? Wannan maganar ita ta fi ƙona mata rai. Da wuƙa ya yanke su, da kowa ya ga jini ya yi salati.

Bayan kaka dattawan gidan suka kira zaman sulhu a gidan Inna, mahaifiyar su Mode. Aka shimfiɗa tabarmi, maza a gefe, mata a gefe. Wani kawunsu ya yi doguwar nasiha a kan zumunci, ya ƙare da cewa Kulu ta matso ta ba Alhaji haƙuri, shi kuma ya yafe mata, a shafa fatiha.

Kulu ta gyara zama. "Kawu, na ji. Amma haƙurin mi zan ba shi? Ku hwaɗa min laihin in sani, kar in roƙi gahwara bisa abin da ban gane ba."

"Kin ɗaga mai murya cikin kasuwa. Kin kai shi ƙara."

"Awo, na yi. Shi hwa, akwai abin da za shi ce ma Mu'az?"

Kowa ya dubi Alhaji. Yana zaune yana jan carbi, idonsa a ƙasa. Aka jira. Ya ce, "Ƙaddara ta. Ni ma asara niy yi."

Inna, tsohuwa da idonta ya fara dushewa, ta ɗaga kai. "Basharu, da gaske an ce maka kar a aje shi kusa ga mutane?"

Ya ci gaba da jan carbi. Tsohuwar ta jira, ta jira, sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Kulu ta miƙe ta gaida dattawa ta fita. Ba a shafa fatihar ba.

Sun koma gidansu bayan an sake daɓe an auna an ce ba sauran komai. Alhaji ya janye hannunsa daga rumfar Mode, masu kawo masa fata saboda yayansa suka daina, sai ya koma gyaran takalma a bakin titin Gidan Igwai. Kulu ta bar fura ta kama ɗinkin huluna. Mu'az ya shiga makaranta, yana da ƙiriniya, yana cin abinci kamar gara. Gwajin da aka sake yi masa ya fi na farko kyau.

Amma yaro ne, yana mura kamar kowane yaro. Duk ranar da ya yi tari, ko sau ɗaya, Kulu takan ajiye allura ta tashi ta kara kunnenta a bayansa tana saurare. Shi kuwa sai ya yi ta mutsu-mutsu yana dariya, yana cewa ta sake shi abokansa na jira. Takan sake shi. In ya fita sai ta zauna, ta kasa zura zare, ranta na tafasa kamar yau abin ya faru.